Agogon Gwandu da Na Kalgo

"Ka mayar da ita inda take, Yaya."

"Ba ni mayarwa."

"To ka faɗa wa Injiniya da bakinka."

"Shi ma ba ni yi. Kuma ka rage murya, Albarka, mutane na ƙasa."

A kan rufin wani tsohon sito muke a Kalgo, ni da yayana Lukuman. Ranar sunan ɗansa na fari ce. A ƙasa an yanka rago, maroƙi na ta kwarara murya. Ni kuma ina tsaye a kan ramuka huɗu a jikin siminti, tsatsa ta zagaye bakinsu. Nan eriyar aikinmu take a da. Yanzu tana can ɗaya kusurwar, an ɗaure ta da sabon ƙarfe.

Na ce, "Ka san ni za a kora."

"Ba a kore ka ba tukuna."

"Saura Injiniya ya zo da mota."

"Kai ɗaya ne. Cikinka kaɗai kake ciyarwa. Ni leƙa ƙasa ka gani."

Ban leƙa ba. Na san abin da ke ƙasa.

Na gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya. A shekarar Baba ya rasu, maganar jami'a ta bi shi. Na koma noma a Masama, ƙauyenmu. Bayan an yanke jihar Kebbi sai wasu masu bincike suka zo daga wata jami'a da agogo biyu a bayan mota. Ba irin na bango ba. Akwati ne na ƙarfe, ƙarti biyu ke ɗaga shi da ƙyar. Ba ya ƙara, ba ya son zafi, kuma ba a kashe shi. Fitila ce ƙarama a goshinsa, tana ƙyaftawa kowace daƙiƙa. Suka ajiye ɗaya a Gwandu, ɗaya a Kalgo, suka nemi wanda zai riƙa kula da kowanne. Ni aka fara ɗauka. Ni kuma na kawo Lukuman, lokacin yana gyaran rediyo a kasuwa, wata rana a samu, wata rana babu.

Shugaban aikin, Injiniya Jibrin, shi ya koya mana. Ya ce, "Ka ɗauka an yi walƙiya. Kai kana Gwandu, ɗan'uwanka yana Kalgo, ku duka kun gan ta. Kowa ya duba agogonsa ya riƙe abin da ya gani. In kun haɗu kun gwada, kun san tazarar da ke tsakanin agogon nan biyu, ba sai an ɗauki ɗaya an kai wa ɗaya ba."

Walƙiyarmu tauraron ɗan'adam ce, irin waɗanda jiragen ruwa ke neman hanya da su. Na'urata da ta Lukuman su saurari tauraro guda a lokaci guda, kowace ta gwada saƙonsa da agogon ɗakinta. Ko agogon tauraron na da kuskure, kuskuren ya faɗa mana daidai wa daida, ya fita daga lissafi. Abin da ake aunawa ƙanƙani ne, daƙiƙa ɗaya a raba ta biliyan. A irin wannan ƙanƙanta, ko kamu ɗaya saƙon ya ƙara a tafiyarsa sai ya nuna. Shi ya sa masu awon ƙasa suka zo da kayansu suka daɗe suna auna mazaunin kowace eriya kafin a zuba siminti. Wayar da ke saukowa daga eriya zuwa ɗaki ma a ƙasar waje aka auna ta. Dokar Injiniya ɗaya ce. A goge eriya, kada a motsa ta. Wanda ya kwance ko noti guda ya kama hanyar gida.

Duk wata yakan zo ya karɓi faifai a wurina, ya wuce Kalgo ya karɓi na Lukuman, ya haɗa su a kwamfutarsa. Ba ya hawa tsani, tun da ya yi hatsarin mota gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Sama da shekara lissafi na tafiya sumul. Sai bayan damina ya tsinke. Agogo biyu suka saɓa, kuma ba su sake haɗuwa ba.

Lissafin yana nuna an saɓa. Ba ya nuna wanda ya saɓa.

A daidai lokacin ake wahalar mai. Janareton Gwandu ya yi wuni guda a mace, ɗaki ya yi zafi, batir ne ya riƙe agogo. Na faɗa wa Injiniya, don abin da ya faru ke nan. Lukuman ya ce wurinsa lafiya lau. Ana cikin haka masu agogon suka aiko cewa ɗaki guda za a bari. Wanda aka bari za a haɗa shi da wani babban ɗakin awon lokaci a Turai, a tura mai kula da shi karatu. Idon Injiniya ya koma kan Gwandu. Ni ma na yarda nawa ne ba shi da lafiya. Na bi kowace waya da hannu. Na rame.

Ranar sunan, hayaniya ce ta ishe ni na hau rufi. Sai na ga ramukan.

Lukuman ya kama hannun rigata ya juya ni. "Tsaya nan inda take da. Yanzu duba."

Na duba. Tsakar gidan Malam Abdulgani ce gaba ɗaya, maƙwabcin siton, uban Huseina matar Lukuman. Ga murhun bandar kifi, ga mata zaune da ɗaurin ƙirji saboda zafin wuta. Ga wani lungu da aka kewaye da zana, babbar tukunya na tururi, inda mai jego ke wanka. Na kau da kai da sauri.

Ya ce, "To ka gani. Hayaƙin bandar nan kwana kaɗan ya baƙanta eriya, dole a hau a goge. Da, in zan hau sai in tsaya bakin katanga in ɗaga murya, a shiga ciki za a hau sama. Su shige. Lokacin ni baƙo ne. Yanzu fa? In buɗe baki in ce wa uwar matata ta tashi ta shiga ɗaki? Ni?"

"Sai ka aika a faɗa."

"Na yi. Na aiki ƙanwar Huseina. 'Yar banza ta je tsakiyar gida ta ce, Lukuman ya ce kowa ya shiga ɗaki. Na yi mako ban iya bin ƙofar gidan ba, ta bayan masallaci nake zagayawa."

A wata rana da na yi dariya.

"Da Huseina ta dawo gidansu goyon ciki abin ya ƙara lalacewa. Kullum tsohuwar na tsakar gida tare da ita. Na bar hawa, eriya ta yi baƙi ƙirin, saƙo ya fara yankewa. Mi kake so in yi? Na matsar da ita ƙafa kaɗan. Tauraron da ke can sama, ina ruwanshi da wanga kusurwa ko wancan?"

"Ruwansa ke nan, Yaya. Duk aikin ke nan."

"Kai dai ka cika karatu."

"Malam ne ya ce ka cire?"

"Bai taɓa ce mani komi ba. Amma ran da ya ga na daina hawa ta nan, a masallaci ya faɗa wa mutane Allah ya ba shi suruki mai kunya. Ya aiko mani da giwan ruwa guda. Yanzu in mayar da ita? Ai gara in tofa mashi yawu a fuska."

Na bi wayar da ido daga sabon wurin zuwa inda take shiga ɗaki. Tafiyar ta fi ta da nisa.

"Wayar ta kai?"

Na sake tambaya.

"Yaya. Wayar ta kai?"

Ya ɗaga wani bulo da ƙafa. A ƙarƙashi akwai ƙulli, an naɗe shi da baƙin salatif. Ya yanka wayar, ya ƙara mata ta talabijin da ya sayo a Birnin Kebbi.

"Aiki mai kyau na yi," in ji shi. "Ko ruwa ba ya shiga."

Na zauna a kan simintin mai zafi. Ko an mayar da eriya ramukanta, wayar da aka auna ta riga ta tafi. Babu gyara. Saura a faɗa, ko a yi shiru.

Ya tsuguna kusa da ni, ya sassauta murya. "Kai kana da takarda, ko'ina za a ɗauke ka. Ni in na bar nan ina zan je? In koma kasuwa ina hura rediyo, da mata da ɗa? Don Allah, don darajar Baba."

Aka kira shi daga ƙasa, abokai na neman uban jariri. Ya goge fuska ya sauka.

Da zan tafi tasha na ci karo da Malam Abdulgani a zaurensa. Tsoho ne siriri, hannunsa duk tabon ƙugiya. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Kai ne ƙanen? Allah ya jiƙan ubanku. Gidanku an yi tarbiyya. Yaron nan bai taɓa kallon idona ba." Ya sa aka ɗaure mani busasshen kifi a takarda in kai wa Inno, mahaifiyarmu.

Ban tsaya Gwandu ba, na wuce Masama. Inno ba ta je suna ba, kunyar ɗan fari. Ko sunan Lukuman ba ta faɗa, sai dai ta ce wancan. Na same ta tana sheƙar gero a bayan rumbu. Na faɗa mata duka, daga ramuka har waya. Ba ta ajiye ƙwarya ba.

Ta ce, "Ƙarfe ne ya matsa. Wani ya mutu?"

"Aikina zai mutu."

"Wancan yana da iyali."

"Ni na kai shi aikin, Inno."

"To kai za ka raba shi da shi?"

"Karatu za a tura ni. Abin da Baba ya so."

Ta juye geron, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta watsa mani a ƙafa.

"Ubanka bai taɓa kai ƙarar wansa wurin baƙo ba. An cuce shi a gonar fadama, ya mutu bai faɗa ba. Gonar tudu na nan, ba ta gudu ba." Ta kwance takardar kifin, ta shinshina. "Mutanen kirki. Ka ci abinci?"

Na ce na ci.

Injiniya ya zo da safe, da a-kori-kura da direbansa Mamman. Sun shimfiɗa katifa a baya, sun kawo igiya. Ya shigo ɗaki yana jan ƙafa, ya zauna a kujerata, ya daɗe yana kallon fitilar agogon.

"Na ji ka je Kalgo suna. Ya mai jego?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla." Ya cire tabarau ya murza ido. "Albarka, ba zan ɓoye maka ba. Ban tabbata naka ne ba. Zato nake. Agogo biyu in sun saɓa, babu yadda za a san mai gaskiya sai an kawo na uku. Na ukun shi ne na Turai."

"To me zai hana a jira shi?"

"Na roƙa. Masu kayan sun ce a dawo da ɗaya kafin a fara. Wani wurin ke jira."

"In an haɗa, aka gano na Kalgo ne fa?"

"Za a gano kuwa, in shi ne. Wata kaɗan. To aiki ya ƙare ke nan, don wannan in ya tafi ba ya dawowa."

Mamman ya leƙo. "Oga, rana na yi. Hanyar nan ba ta da kyau."

"Ina zuwa."

Na tsaya ina jin sanyin ɗakin a wuyana. Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan aji uku zai yi shi. In na yi magana, ɗaya ya tsira. In na yi shiru, wata kaɗan ne kawai na saya wa Lukuman. Na san haka. Maganar tana nan a bakina, kalma bakwai kacal. Ya matsar da eriya, ya yanka waya. Na gwada ta a zuci. Sai in ga Lukuman a tsugune a kan rufi. Sai in ga kaina ina shiga gida, Inno tana karɓar ƙwaryata ba ta ɗago kai ba. Na ce wa kaina wataƙila su Turawan su ɗauka ƙaramin kuskure ne su gyara a takarda. Ban yarda da hakan ba ko a lokacin.

Injiniya ya ce, "Kai ka fi kowa sanin aikin nan bayan ni. Ka ga ɗakin ɗan'uwanka. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ka hau sama?"

"Taron suna ne. Ban samu sarari ba."

Ya kalle ni. Na kalli takalminsa.

"To shi ke nan. Allah ya sa haka ya fi alheri. Ka yi haƙuri, ka yi aiki tsakani da Allah."

Ya miƙa hannu bayan akwatin ya danna. Fitilar ta ƙyafta sau ɗaya ta tsaya. Tun ranar da aka kawo shi ban taɓa ganin goshinsa a duhu ba. Ni da Mamman muka ɗauke shi, har yanzu da ɗumi a jikinsa. Na hau rufi na kwance eriyata da hannuna, notin duk suna nan yadda masu awo suka ɗaure su, sai da na sa mai kafin su juya. Na naɗe wayar na ba su. Injiniya ya karɓi makulli.

Na koma Masama. Rani ya wuce ina gyaran shinge da kai taki. Mutane suna ce mani injiniyan agogo, su tambaye ni ƙarfe nawa, su yi dariya. Ba na amsawa. Lukuman ya aiko wa Inno atamfa da sallah, ni kuma hula. Ban sa ta ba. Ya zo sau ɗaya, ya ce an haɗa su da Turai, komai na tafiya daidai, an ce ya fara neman fasfo. Bai zauna inda nake zaune ba.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Gero ya kai gwiwa sai ga motar haya ta tsaya a bakin ƙauye. Aka sauke gado da katifa, da kwanuka a buhu, da akwatin gyaran rediyo. Huseina ta sauko da goyo, idonta a kumbure. Ɗakin da suke zaune a Kalgo na aikin ne, ya tafi tare da aikin. Gidan suruki kuwa ba wurin zaman Lukuman ba ne.

A bakin Huseina na ji yadda aka yi. Sakamakon Turai ya iso. Injiniya ya zo bai ko yi sallama sosai ba, ya sa aka riƙe masa tsani, ya hau da gwiwar nan tasa, mataki ɗaya yana hutawa. Ya daɗe a sama. Da ya sauko bai yi faɗa ba. Ya ce wa Mamman ya kawo igiya.

Inno ta ba su ɗakin Baba. Ba ta tambayi kowa komai ba. Washegari ta miƙa wa Lukuman fartanya ta hannun Huseina.

Muka fita noma tare. Hannunsa ya manta aikin, kafin hantsi ya yi kanta, ta fashe. Ni ina gaba, shi yana baya, kowa da kunyarsa. Da rana ta take muka zauna a gindin ɗorawa. Inno ta zo da fura, Huseina na biye da ita da ruwa. Suka zauna gefe, yaron yana tsotsar yatsa.

Lukuman ya sha kaɗan ya ajiye ludayi. Yana kallon tafin hannunsa ya ce, "Injiniya ya ba ni saƙo wurinka."

Ya ci gaba.

"Ya ce agogonka lafiyarshi lau. Sun duba shi can, ko zafin nan bai taɓa shi ba. Ya ce da ya sani, Gwandu zai bari, da yanzu kana jirgi." Ya tsinki ciyawa ya yar. "Ya ce ba ya iya ba ka takardar shaida. Ya tambaye ka ido da ido, ka ce babu."

Inno ta ci gaba da dama furar da ta riga ta damu.

"Da ɗayanmu na da aiki, da gidan ga bai koma haka ba," in ji Lukuman. "Ni ban san lissafin ba, ni mai gyaran rediyo ne. Na ɗauka abin zai wuce. Amma kai ka sani. Ya faɗa maka za a gano, shi da kanshi ya ce mani ya faɗa maka."

Ya ɗago kai. Karo na farko tun ranar rufi ya kalle ni sosai.

"To don mi ba ka faɗa mashi ba, Albarka?"